Kafin a sa wa gidan gado diga

Jama'a, rubutun yau da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya wuce abinsa, ya dawo da daddare.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaisuwar rasuwa a cikin gari, a hanyar dawowa sai na yanke ta wani lungu da na daɗe ban bi ba. Akwai wani gida a nan da muke shiga tun muna yara, muna jan ruwa a rijiyarsu idan tamu ta yi ƙasa. Babban gida ne, zaure biyu, da darbejiya a tsakar gida. Yanzu babu shi. Abin da na tarar bulo ne an kai shi linta, rodi ya miƙe sama ya yi tsatsa, tumfafiya ta fito a inda aka ce nan ne falo, an kare gaban da langa-langa, maƙwabta sun mai da wajen bola. Na tambayi mai shagon kusa, ya ce shekara uku ke nan aikin yana tsaye. Magada ne suka haɗa kai suka rushe, za su yi bene, kowa da sashensa. Kuɗi ya ƙare, maganar kirki ma ta ƙare a tsakaninsu. Tsohuwar gidan tana can wata unguwa a bayan gari, a ɗakin haya.

Ban yi musu dariya ba wallahi, domin saura ƙiris mu ma mu yi irin wannan.

Mu tara Baba ya bari, maza biyar, mata huɗu, ga Hajiya. Gidan kakanmu ne ya gina shi da tubali, Baba ya ƙara ɗaki biyu na bulo ta baya lokacin da iyali suka yi yawa. Da ya rasu aka yi wata biyu, sai Yayanmu babba ya tara mu ya buɗe wata takarda. Zane ne mai kyau, bene, sassa huɗu, shaguna uku ta bakin hanya da za a ba da haya. Ya ce gidan nan ya tsufa, kowace damina sai an yi yaɓe, kuɗin da ake zubawa a ciki asara ne, a kwashe shi gaba ɗaya a huta. Ba zan ɓoye muku ba, zanen ya tafi da ni. Ina cikin waɗanda suka fara cewa a yi.

Hajiya tana gefe tana jin mu. Da muka gama ta ce, “To ni ina zan zauna kafin ku gama?” Yaya ya ce, “Wata takwas ne kawai, Hajiya, sai ki zauna a wajena.” Ta ce, “Allah ya kai mu.” Duk wanda ya tashi a gaban uwa ya san akwai “Allah ya kai mu” iri biyu. Wannan ta biyun ce.

Tambayar nan tata ita ce ta sa na zauna na yi lissafi, kuma abin da na gano shi nake son faɗa wa duk wanda yake da gidan gado a hannu: idan ba dole ba, kada ku rushe. Ku gyara, ku ƙara, ku faɗaɗa a hankali. Ba don son tsohon abu nake faɗa ba. Maganar kuɗi ce tukuna, kafin komai.

Rusau ba ya cin lokaci. Lebura shida da diga da shebur, kwana huɗu sun mai da gidan shekara tamanin fili. Daga ranar nan kuma kun shiga hannun kasuwa. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, aka saki naira, kafin Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da su Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Rodi, kwano, katako, kuɗin tifar yashi, duk sun bi sahu. Ka ɗauki mutanen da suka rushe gidansu a ƙarshen 2022 da lissafin wancan lokacin a aljihu. Ba su yi sata ba, ba su yi almubazzaranci ba, amma kuɗin da suka ware don a kai gini rufi bai kai shi linta ba. Ga haya ana biya wa iyali duk shekara, wadda da ba a biya. Sai ɗan'uwan da ya yi alƙawarin kawo kaso mafi tsoka kasuwarsa ta karye, ko a ɗauke shi daga wajen aiki, shi ke nan an shiga “kai ne ka ce a rushe”.

Gyara kuwa yana da wata daraja guda da sabon gini ba shi da ita: kana iya tsayawa. Ka gyara ɗaki biyu bana, kuɗi ya yanke, ka dakata, gidan yana nan, mutane suna kwana a ciki, tukunya tana kan murhu. Baɗi ka ɗora. Wanda ya rushe ba shi da wannan damar, ko ya gama ko ya zauna a kango. Kuma mu yi wa kanmu adalci, mu nawa ne muke da kuɗin gina bene a ajiye, a dunƙule, ranar da za a fara? Yawancinmu da albashi da adashi da ɗan abin da kasuwa ta bari muke gini. Gini irin na tara-tara ya fi dacewa da gidan da yake tsaye.

Sai abu na biyu, wanda ban lura da shi ba sai da na sake duba zanen nan da idon Hajiya. Babu zaure a ciki. Babu tsakar gida, sai wani siririn lungu na wucewa. Sassa huɗu ne, kowanne da ƙofarsa da makullinsa. Na tambayi kaina, ranar suna ina mata za su zauna? Ranar rasuwa fa? Almajirin gidan ina zai ajiye kwanonsa? Baƙon da ya zo daga ƙauye ganin likita, sashen wa za a kai shi? Sannan babbar tambayar da maza ba mu cika yi ba: idan aure ya ƙi wa ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mata, ko mijinta ya rasu, ina za ta dawo da 'ya'yanta? A tsohon gida amsar a fili take, ɗakin kusa da na Hajiya. A sabon zane sai ta zama baƙuwa a falon matar ƙaninta, a gidan ubanta, gidan da take da gado a ciki. Mu maza da muke zana sassa huɗu don kanmu, mun manta mata huɗu ne suke da haƙƙi a wannan ƙasar. Bayan shekara biyu kuwa abin ya faru a kan ƙanwata. Ba zan shiga bayani ba, amma ta dawo ta tarar da ɗaki.

Ga kuma zafi. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a watan Afrilu a Kano, sannan ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano, ba sai an yi masa lacca ba. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Bulo inci shida da kwano kuwa, ƙarfe biyun rana ɗakin ya zama tanda, sai fanka, sai na'urar sanyaya ɗaki, ga wutar da ba ta zama. Ɗakunan da Baba ya ƙara na bulo su ne kullum ake gudu da bazara, kowa ya kwaso tabarma ya dawo soron kaka.

To me muka yi? Da ƙyar, bayan an kai ruwa rana, Yaya ya yarda a kira masu sani su duba kafin a yanke hukunci. Muka kawo injiniya, muka kuma nemo wani tsohon magini da ya yi aiki da Baba. Sai da suka yini suna zagaye gidan, ɗaya da tef da littafi, ɗaya da sanda yana ƙwanƙwasa bango yana saurare. Abin mamaki, bakinsu ya zo ɗaya a kusan komai. Matsalar gidan ba tsufa ba ce, ruwa ne. An ɗaga titi da kwata a lungunmu har tsakar gidanmu ta koma ƙasa da hanya, ruwan sama yana kwanciya yana cin gindin katanga. Indararo biyu sun karye, ruwa yana bin jikin bango. Tsohon masai ya yi kusa da katangar yamma, danshi ya gama da ita. Wannan katangar da ɗaki ɗaya suka ce a sauke, babu ceto. Sauran kuwa, zaure da soraye uku, tsohon ya ce in an tsare musu kai da ƙafa daga ruwa za su binne mu duka. Azarar ciki ya nuna mana, giginya ce, gara ba ta taɓa ta ba.

Da ruwa muka fara, abin da ba ya fitowa a hoto. Aka cike tsakar gida aka yi mata gangara, aka fitar da magudana, aka rufe tsohon masai aka haƙa sokawe nesa da katanga da rijiya. Aka ɗaure gindin katangu. Shekarar farko duk wanda ya shigo sai ya ce, “Wai ina aikin da aka ce kuna yi?” Shekara ta biyu aka yi wa Hajiya banɗaki a jikin ɗakinta, saboda ƙafa ta fara ba ta wahala, aka buɗe taga babba, aka sa wayar wuta sabuwa, domin ta da duk haɗe-haɗe ce, ikon Allah ne kawai ya tsare mu daga gobara. A inda aka sauke ɗakin nan da filin da ake ɗaure tumaki, nan aka tayar da sabon sashe, da nasa harsashin, da ginshiƙan kankare, aka zuba dekin, aka yi ciki da falo biyu a sama. Bai jingina da tsohon gini ba ko kaɗan, an bar tsakani. Shagon da Yaya yake so ma an samu guda ɗaya, daga ɗakin samari na bakin hanya, hayarsa ce take biyan kuɗin yaɓe da ƙananan gyare-gyare. A duk tsawon aikin nan Hajiya ba ta kwana a waje ba ko sau ɗaya. Daga wannan ɗaki ta koma wancan, tana yi wa leburori faɗa a kan sun tattake mata zogale.

Mun yi kuskure, kuma ni na jawo shi. Na matsa a yi wa katangar zaure filastar siminti ta waje don ta yi kyan gani. Tsohon magini ya ce, “Alhaji, siminti da ƙasa ba sa zaman aure.” Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Damina biyu aka yi, filastar ta kumbura ta saki bango, ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a baya ba hanyar fita, da muka ɓamɓare sai ga ƙasar ta jiƙe sharkaf. Katangar ƙasa tana buƙatar ta sha iska ta bushe, siminti kuwa toshe ta yake yi. Magabata da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma su yi masa laso, haɗin katsi na karofi da gashin jima da dafara. Yau samun waɗannan sai an sha yawo. Na biya kuɗin aikin sau biyu, kuma har gobe idan gardama ta tashi sai Yaya ya tuna min.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya ce na ce kowane tsohon gida a bar shi. A'a. Akwai gidan da ya mutu, sai dai a yi masa sutura. Idan katanga ta buɗe baki tun daga ƙasa har sama, ko ta karkata, ko azara ta ruɓe rufi ya yi ciki, to fitar da iyalinka yau, ba gobe ba. Kowace damina muna jin labarin gini ya faɗa wa mutane suna barci. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, abin alfaharin ginin Hausa gaba ɗaya, wani sashensa ya rufta ranar 11 ga Agusta, 2023 ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Tsohon gini amana ne mai son kulawa duk shekara, wanda ba zai iya ba kada ya yaudari kansa.

Haka kuma akwai wani nau'in “ƙari” da yake kisan kai ne kawai. Mutum ya ga iyali sun yi yawa, sai ya kira birkila ya ce a zuba dekin a kan katangar da aka yi don ɗaukar kwano, a ɗora bene. Babu wanda ya tona ya ga harsashi, babu injiniya, babu izinin hukuma. A Kano aikin KNUPDA ne duba zane da ba da izinin gini, sauran jihohi ma kowace da tata. Na san za ku ce zirga-zirga da kashe kuɗi, na sani, na yi. Amma kuɗin injiniya bai kai kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ba, kuma mun fi kowa iya sayen tayil.

Yanzu bari in zo inda gizo yake saƙar, wato gado. Yawancin gidajen da aka rushe ko aka sayar wa masu gina filaza, ba ginin ne ya gaza ba, magada ne suka kasa zama. Gyara ma yana da tasa fitinar. Ɗan'uwa mai hali ya zuba kuɗinsa ya gyara gida, bayan shekara goma 'ya'yansa su tashi suna cewa gidan babansu ne. Ko kuma a zo rabo a ce masa ai sadaka ka yi. Mu kafin a sa bulo ɗaya sai da muka kira malami ya fitar wa kowa rabonsa, Hajiya tumuninta, namiji rabon mace biyu, aka yi wa gidan kuɗi yadda yake a lokacin. Aka rubuta cewa duk wanda ya kashe wani abu a gyara, bashi ne a kan gidan ko kyauta, ya faɗa tun yanzu a gaban shaidu. Mai unguwa da limamin masallacinmu suka sa hannu. Ɗaya daga cikin ƙannenmu ya ce shi kuɗinsa yake so zai ja jari, ba mu ga laifinsa ba, mu uku muka haɗa muka saye rabonsa. A fiƙihun Malikiyya ma ai akwai shuf'a, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan'uwansa kafin bare. Mutane da yawa ba su san da wannan ba sai dillali ya riga ya shigo tsakani.

Wasu za su ce rubutu tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya rashin yarda ne. Haka Gwaggonmu ta ce, har da kuka. Na ce mata, “Gwaggo, mu mun yarda da juna. Takardar ta jikokinki ce.”

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa, kunya. Da yawanmu ba lissafi ne yake sa mu rushe gida ba, so muke a daina cewa gidan su wane na ƙasa ne. Mutum ya yi kuɗi, abokai za su zo gaisuwa, yana jin nauyin su ga soro. Amma shi ɗin ne zai kai amarya da ango Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a ɗauke su hoto a jikin bango, shi ne zai biya mai fenti ya zana masa dagi da zanko na ƙarya a jikin katangar siminti. Gidan Rumfa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, fiye da shekara ɗari biyar, kuma ba a taɓa kwashe shi gaba ɗaya an sake sabo ba. Kowane zamani gyarawa ake yi, a ƙara wani sashe, a sabunta wani. Gidan sarki ke nan. Mu talakawa ne muke ganin sai mun share komai mutuncinmu zai fito.

Ni ban ce a zauna cikin duhu da ƙura don tarihi ba. Hajiya da kanta ta ce a sa mata tayil, kuma an sa. Akwai sola a kan sabon sashe, akwai famfo a madafi. Matan gidan da suke shara da girki su suka fi kowa sanin wahalar tsohon gida, kuma duk gyaran da ba a tambaye su ba, gyaran zaure ne kawai.

Har yau Yaya bai sauka daga ra'ayinsa ba. Yana cewa da mun rushe a lokacin, da mun rigayi tsadar siminti, da yanzu haya muke karɓa ta sassa huɗu. Mai yiwuwa ne. Ni kuma ina ce masa da wane kuɗin, tunda na san abin da yake asusun kowa a shekarar. Mukan yi wannan musun ne a zauren da ya so a rushe, bayan sallar Isha'i, a kan tabarma, sai Hajiya ta aiko yaro ya ce mu rage murya.

Abin da ya rage mana yanzu rufin zauren ciki ne. Ɗaurin guga ne, bakan gizo biyu sun gicciye, ɗaya ya fara tsagewa ta gefen gabas. Tsohon maginin nan Allah ya yi masa rasuwa bara, 'ya'yansa kuma duk bulo suke yi, ɗaya ma ya koma tuƙa adaidaita. Birkiloli uku na kawo, kowanne ya ɗaga kai ya kalla sai ya ce a sauke a buga kwano. Don Allah wanda ya san magini da har yanzu yake iya ɗaurin guga, a Kano ne, ko Zariya, ko Katsina, ko Daura, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Zan ɗauki nauyin motarsa da masaukinsa. Ina so a gama kafin ruwan farko ya sauka.